Muryar Ridwan mahauci

Ranar Litinin, 14 ga Oktoba, 2019, Ridwan ya fara haɗuwa da Madam Pascaline, malamar ajin ƙananan yara da 'yarsa Khaula take a Garwa ta ƙasar Kamaru. Ita ta aika a kira shi. Ya zo daga mahauta, ko riga bai sauya ba.

"Tunda aka buɗe makaranta ban ji muryar yarinyar nan ba," in ji ta cikin Fulatanci. "A gida fa?"

"A gida ma sai nuni da hannu, Madam."

Ta miƙa masa littafin hotuna na Faransanci. Ta ce ya riƙa karanta mata kullum. Idan aka yi hutun Disamba ba ta yi magana ba, sai a kai ta asibiti a duba kunnenta.

Ridwan jikan mahauta ne da suka zo daga Katsina. A aji uku ya bar boko ya kama wuƙa. Kowa a kasuwa ya san muryarsa, don idan ya kira mai saye, har masu kifi sai sun waiwayo.

Da wannan muryar ya fara karatun. Bayan la'asar zai zauna a tabarma ya ware littafi, ya ɗaga murya yadda ya saba, wai ko kunnen ne. Khaula sai ta ruga bayan uwarta, Nasiha. Shi kuwa ganin haka sai ya ƙara ƙarfi.

"Baban Khaula, karatu kake ko tallan tozo?" in ji Nasiha. "Kaji ma sun bar gidan."

Bai yi dariya ba. Nuwamba ta shiga. Ya daina cin abincin kirki, har ya yanke yatsa a wurin aiki saboda tunani. Idan kurma ce fa? Wa zai fahimce ta a garin da ake magana da harsuna uku?

Ana cikin haka mura ta kama shi, murya ta dushe. Duk da haka ya buɗe littafin, yana raɗa da ƙyar. Can sai ya ji motsi. Khaula ce ta matso, ta jingina da kafaɗarsa don ta ji. Ashe tana ji. Ya ci gaba a hankali. Da suka zo hoton wata dabba, ta ɗora yatsa a kai.

"Saniya," ta ce. "Baba, kada ka yanka wannan."

Ba a je asibiti ba. Khaula ta fara amsa tambaya a aji bayan hutu, yanzu ita take karanta wa ƙannenta. Ridwan yana nan a rumfarsa yana kwarmato. Idan ya dawo gida, Nasiha takan ce ya bar muryar a bakin ƙofa tare da takalmansa.