Manhajar da Ta Ce a Rufe Shagon Digil

Har yau ban manta da ranar da hedikwata ta turo mana mai tallar manhaja ba. A lokacin ni ne jami'in bayanai a reshen Mubi na wani kamfanin sayar da takin zamani, iri da maganin feshi. Babban sitonmu yana Sabon Layi, muna kuma da ƙananan shaguna biyu, ɗaya a Digil, ɗaya a Duvu. Aikina shi ne tattara cinikin kowane shago in shigar a kwamfuta, in aika wa hedikwata, su kuma su yanke yawan kayan da za a turo mana kafin damina.

Baƙon namu wani injiniya ne daga Abuja, sunansa Sadiƙ, mutum mai fara'a da saurin magana. Manajanmu, Alhaji Bakari, ya tara mu a ofishinsa. Injiniya ya yi mana bayani cewa irin wannan manhaja ba ta buƙatar ƙwararre ya zauna yana koya mata. Za ka zuba mata tsoffin bayanan ciniki, ita da kanta za ta gwada hanyoyin hasashe iri-iri, ta zaɓi wadda ta fi dacewa, sannan ta gaya maka abin da kowane shago zai sayar a damina mai zuwa.

Na tambaye shi nawa ne kuɗinta. Ya yi murmushi ya ce, "Ya danganta, Malam Tizhe."

Na ce, "Da me?"

Sai da na matsa sannan abin ya fito kaɗan-kaɗan. Akwai kuɗin lasisi duk shekara, kuma da dala ake biya. Duk lokacin da aka sake horar da ita da sabbin bayanai, akwai wani cajin. Koyar da ma'aikata ma daban yake. Tun daga nan jikina ya ba ni cewa akwai sauran magana, domin wanda ya yarda da kayansa ba ya ɓoye farashi.

Amma dole in faɗi gaskiya: da muka ba ta bayananmu don gwaji, ta nuna mana abin da ba mu lura da shi ba. Ta ce muna jibge wani maganin ciyawa a Sabon Layi fiye da yadda ake saya. Muka leƙa sito, ga kwalaye nan a can ƙurya, wasu har wa'adinsu ya kusa ƙarewa. Alhaji Bakari ne kuwa ya saba neman a ƙaro maganin.

Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa.

"Tizhe, hedikwata za su saya. Amma sun ce kowane reshe ya rage kashe kuɗi don a biya lasisin. Manhaja ta ce buƙatar taki a Digil ta yi ƙasa. Za a rufe shagon."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Digil fa? Garin manoma?"

Ya ce, "Haka ta nuna. Kai za ka rubuta rahoton amincewa, ni in sa hannu."

Ƙa'idar aiki ita ce, ba a rufe shago sai jami'in bayanai ya tabbatar alƙaluman da aka dogara da su daidai ne. Na roƙe shi ya ba ni lokaci in je in gani da idona.

Mai kula da shagon Digil, Madam Kuve, bazawara ce da ke riƙe da 'ya'yanta da wannan albashin. Labari ya riga ni isa. Ko kujera ba ta miƙo mini ba.

"Ɗan'uwa, an ce kai ne ka ba injin sunana."

Na rantse mata ban ba da sunan kowa ba. Ba ta yarda ba, kuma ban ga laifinta ba. Na ce ta gaya mini dalilin da ciniki yake faɗuwa a tsakiyar damina. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Me zan sayar? Motarku tana zuwa da 'yan buhuna, kafin mako ya zagayo sun ƙare. Mutane su zo da kuɗi a hannu, in ce babu. Idan mayo, rafin nan namu, ya cika ma direba ba ya zuwa. Ka tambayi kowa a nan."

Na tambaya. Manoman da na tarar a bakin shagon duk bakinsu ɗaya: sun gaji da zuwa suna komawa, shi ya sa suke wucewa kasuwar Mubi su saya a wurin wasu.

Da na dawo na buga wa Injiniya Sadiƙ waya. Na zaci zai musa, amma bai musa ba.

Ya ce, "Gaskiya ne. Manhaja abin da aka sayar take gani. Wanda ya zo bai samu ba, ba ta san da shi ba. Makon da babu kaya, a wurinta mako ne da babu mai so."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba ranar taro?"

Ya ce, "Ba wanda ya tambaya. Ana iya gyarawa, amma sai mun turo ƙwararre, kuma wannan ba ya cikin lasisin."

Na ƙi rubuta rahoton amincewa. Na rubuta abin da na gani, na ba da shawarar a gwada cika shagon Digil da kaya tun kafin ruwan farko. Alhaji Bakari ya karanta, ya yi tsaki, ya ce ina so in haɗa shi faɗa da manya. Duk da haka ya sa hannu. Aka tura mota cike, kafin a gama noman farko taki ya ƙare ƙarƙaf. Shagon Digil ya tsira, Madam Kuve ta ci gaba da aikinta.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe hedikwata sun riga sun sa hannu a kwantiragin tun kafin ma a turo mana gwajin, kuma kuɗin lasisi dole ya fito daga wani wuri. Wannan karon ba su nemi rahotona ba. Suka kira abin "haɗe rassa", wanda ba ya buƙatar tabbacin jami'in bayanai, suka rufe shagon Duvu. Hamidu, mai kula da shi, ya zo ya ajiye makullai a kan teburina. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, da ka zo wurina ni ma, da na nuna maka irin abin da ka gani a Digil." Yanzu yana ɗaukar kaya a babur tsakanin ƙauyuka.

Ban ce manhajar ƙarya ce ba. Ta rage mana asarar magani, kuma har yanzu ana amfani da ita. Amma ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani cewa farashin da aka rubuta a kwantiragi ba shi ne duka farashin ba. Duk ranar da aka kawo muku sabon abu ana cewa zai rage asara, kada ku tsaya kallon allo. Ku tambaya a jikin wa za a cire kuɗinsa, kuma ku tambaya kafin a sa hannu.