Fayil ɗin Baba Ilu da ban rufe ba

Kafin in san gidan yari, ni akawu ne a wani ƙaramin kamfanin sufuri a Jibiya, motocinmu na kai kaya Maraɗi su dawo. Aikina riƙe fayil ɗin ma'aikata. Kowane direba da nasa: hoto, kwafin lasisi, takardar wanda ya tsaya masa, da sunan garinsu. Alhaji mai kamfanin yana da wata al'ada da nake yi wa dariya. Shi da kansa yake buga hatimi a kowane fayil, rabi a kan hoto, rabi a kan takarda. Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Ƙa'ida ita ce duk wanda ya bar aiki a soke katin shaidarsa, a rubuta ranar, a rufe fayil. Ni kuwa lalaci ya fara cin ƙarfina, sai in cusa fayilolin ƙasan durowa in ce sai gobe. Har da na Baba Ilu, direban da idonsa ya raunana ya koma noma a Riko. Bai iya rubutu ba, ni na cika masa takardunsa ya dangwala yatsa. Duk kaka sai ya aiko mini da gero.

Wata rana wani ɗan fasa-ƙwauri ya tare ni a bakin iyaka. Ya ce, "Akawu, kati kawai nake so da sunan wanda ya bar aiki. Wa zai cutu?" Na ƙi. Ya dawo, na ce zan yi tunani. A zuwansa na uku na yi masa kati da sunan Baba Ilu, na ɓalle hoton tsohon daga fayil na manna nasa, don in an zo bincike su dace. Wallahi ranar har wayo nake ganin na yi.

Ba a jima ba aka tare motarsa da ƙwayoyi. Ya tsere, amma jami'ai sun riga sun rubuta sunan da ke katin. Suka zo ofis suna tambayar garinsu Iliyasu, wato Baba Ilu. Da bakina na ce Riko. Daga gona suka ɗauko shi.

Alhaji ya ce in kawo fayil. Na yi sauri na mayar da hoton Baba. Ya daɗe yana duban hatimin, rabi bai haɗu da rabi ba. Ya ce, "Wannan hoton an taɓa cire shi. Kuma makullin durowar ɗaya ne, yana aljihunka."

Baba ya yi makonni a tsare, ni na yi shekaru. Da na fito ban je gida ba, Riko na nufa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya laluba ya dafa kaina, don idon ya tafi gaba ɗaya. Ya ce, "Na yafe, ɗana. Amma har yau in jikokina sun shiga kasuwa, jikokin mai ƙwaya ake ce masu."

Na tuba, kuma kunyar nan da ita zan mutu. Ku matasa da aka damƙa wa takardun mutane, ku rufe fayil ranar da mai shi ya tafi, kada ku ara wa kowa sunan wani. Ni an sake ni, sunan Baba Ilu kuwa har yanzu ban iya mayar masa da shi ba.