Makin da Sista Nasilele Ba Ta Samu Ba

Duk wanda aka haifa a Nalukwe cikin shekaru ashirin da ɗoriyar nan, hannun Nasilele ne ya fara riƙe shi kafin na uwarsa. Ba yabonta nake yi ba, wani hannun ne dai babu. Ita kaɗai ce nas a asibitin, ɗaki uku da baranda a kan tudu, kuma da zarar kogi ya cika ya malale fadama, tudun ya zama tsibiri ke nan har sai ruwa ya ga damar janyewa. Mai zazzaɓi, mai naƙuda, wanda maciji ya sara, wanda saniya ta tunkuya, duk a kwalekwale ake kawo su, kuma duk ita suke tararwa.

'Yar masunci ce daga wani tudun da ake hangowa daga barandar asibitin. Ta yi makarantar jinya ta mishan, ta fito da sakamakon da zai kai ta duk inda take so. Abokan karatunta suka watsu birane, wasu suka haye jirgin sama, ita kuwa ta nemi a mayar da ita gida, har ana cewa yarinyar nan ba ta da wayo. Ta auri malamin firamare, ta binne shi, 'ya'yanta biyu suka girma suka tafi birni, ta zauna.

Kada a ɗauka waliyyiya ce. Mace ce mai faɗa. Idan namiji ya bar matarsa ta kwana tana naƙuda kafin ya kawo ta, tun daga bakin ruwa za ta fara wanke shi tas, yana ɗaure kwalekwale tana binsa da masifa. Ba ta ƙaunar ganin dogon farce, ba ta karɓar kyautar kaza, kuma a tsaye take cin tuwon masararta da nono, don ta ce duk ranar da ta zauna sai wani ya ɓullo. Mutane suna tsoron bakinta, amma ba a taɓa zuwa an iske ƙofarta a rufe ba.

Sai aka fito da sabuwar doka. Hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi ta ce daga yanzu ba a sabunta wa kowa sai ya tara maki, makin kuwa a taron bita ake samunsa. A yi gaskiya, dokar ba ta hauka ba ce. Mun ga masu yawo da sirinji a aljihu suna tsira wa yara allura a kasuwa, mun kuma ga nas ɗin da tun barinsa makaranta bai sake buɗe littafi ba. Sai dai wanda ya rubuta dokar a ƙarƙashin fanka ya rubuta ta, bai taɓa tambaya ba ko akwai asibitin da idan nas ta fita babu wanda zai shiga.

A hedkwatar gunduma ake yin bitar, tafiyar yini guda a kwalekwale. A otal ake yi, da shayi da biskit da alawus, saboda haka takardar gayyata ba ta cika tsallake teburan ofis ba. Akwai waɗanda rabonsu da taɓa majiyyaci har sun manta, amma makinsu ya yi rara. Idan kuma gayyatar ta yi kuskuren isowa Nalukwe, sai bayan an tashi daga taron.

Jami'in jinya na gunduma, wani mutum mai laushin murya da ake kira Imasiku, yakan leƙo idan ƙasa ta bushe. Nasilele ta tare shi a baranda, ta kira shi da "Bo" a gaban suna, yadda ake girmama mutum a can.

"Bo-Imasiku, ka turo min wanda zai riƙe wurin nan ko na mako guda, in je in kwaso makin naku."

"Bo-Sista, ina na ga mutum? Kowa aka ce ya zo nan sai ya kawo takardar likita wai ƙafarsa ba ta son ruwa."

"To in rufe in tafi."

"A'a, barin wurin aiki babban laifi ne, kin sani."

"In zauna ke nan."

"Zama babu maki shi ma laifi ne."

"To wanne ya fi arha a cikin laifuffukan naka, in saya?"

Ya yi dariya, ya ce ita dai Bo-Sista ba ta rabo da barkwanci, za a duba. Ya karɓi busasshen kifin da kwamitin ƙauye ya ɗaure masa, ya hau mota. Gaba kura, baya sayaki, kuma duka biyun ofis ɗaya ya sako su.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya faru ne a farkon cikar ruwa. Wani jirgi mai inji ya iso da ma'aikatan jinya cike, kowa da rigar kariya ruwan lemo da hular rana. Masu bita ne, an kawo su yini guda su ga yadda ake aiki a wuri mai wuyar zuwa. Suka tsaya a bayanta tana neman jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, suka ɗauki hoto. Suka kalli awon ciki, suka kalli yadda take jera rigakafi a firjin da ke aiki da hasken rana, suka yi tambayoyi ta amsa tana aiki. Da rana ta sa aka soya musu kifi. Da za su tafi shugabar tawagar ta fito da takarda kowa ya sa hannu, ta ce yinin nan maki ne mai tsoka.

Nasilele ta goge hannu a zani ta miƙa a ba ta biro.

"Ayya, Bo-Sista," in ji shugabar, "ke ai mai masauki ce. Mahalarta kaɗai ake ba."

"Waɗanda suka kalla sun samu, wadda aka kalla ba ta samu ba?"

"Haka tsarin yake. Amma za mu ambace ki a rahoto."

Tsoho Mukelabai, wanda shi ke tuƙa kwalekwalen asibiti tun zuwanta, yana zaune a gefe yana gyaran taru. Da jirgin ya tashi ya ce, "Bo-Sista, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Gobe ki bar ni in yi allurar, ke ki tsaya ki kalla, sai mu ga ko za su ba ki."

"Rufe min baki, tsohon banza, kai da ko ƙugiya ba ka iya gani ka zura wa zare."

Ta faɗa ne tana dariya, amma ranar ba ta ci abinci ba, ko a tsayen.

Shekara ta juya, lasisinta ya ƙare, aka ba ta ɗan wa'adi. Saura bita ɗaya kafin wa'adin ya cika, kuma ta faɗo a tsakiyar cikar ruwa. Ta kira Imasiku a waya daga saman jiɓar gara, inda nan ne kaɗai ake samun layi. Ya ce shi bai ce ta tafi ba, bai kuma ce ta zauna ba, amma idan ta tafi ba zai ji labari ba. Wannan ne iyakar taimakon da ofishin ya taɓa yi mata.

Ta shirya kamar mai shirin mutuwa. Ta bi gida-gida ta raba wa masu shan magani kullum rabonsu, ta shafa cikin duk mai juna biyun da ke tudun, ta gargaɗi maza su bar faɗa da adda sai ta dawo. Ta goge farar rigarta da dutsen guga na gawayi ta naɗe a leda. Sai da ta aro kwaɗo wurin mai shago, don ƙofar ba ta taɓa mallakar nata ba.

Suka kama hanya da safe, Mukelabai a tsaye a baya yana tuƙi, yana ba ta labarin yadda za ta dawo da ƙiba saboda biskit. Rana ta take tsaka, Nalukwe ta ɓace a bayan ciyayi, sai ga wani kwalekwale ya ɓullo daga wata mashiga, maza biyu suna tuƙi kamar ana binsu. Da suka hango ta na gaban ya ɗaga filafili sama.

Daga tudan makiyaya suke, can ciki. A ƙasan kwalekwalen wata yarinya ce kwance, Namatama, leɓenta fari fat, zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe. Ta haihu da asuba, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Jaririn yana ƙunshe a tsumma a wajen ƙafarta yana tsala kuka. Asibitin Nalukwe suka nufa.

Nasilele ta san lissafin tun kafin kwalekwalen biyu su haɗu. Yarinyar ba za ta kai gunduma da rai ba. Nalukwe ta fi kusa, ledar ƙarin ruwa da allurar tsayar da jini suna can a bayan kwaɗon mai shago, mabuɗin kuma yana ɗaure a gefen zaninta.

Mukelabai ya dubi ruwa ya ce a hankali, "Bo-Sista, wannan ce ta ƙarshe fa."

"Na iya ƙirga, tsoho. Juya."

Ta tsallaka cikin ɗayan kwalekwalen, ta durƙusa a cikin jini, ta dafe marar yarinyar tana murzawa, bakinta kuwa bai huta ba. "Kai ne mijin? Tun asuba, sai yanzu? Shanun ka tsaya tatsa? Tuƙa, ɗan nema, in ta mutu sai na sa ka haɗiye filafilin nan." Mijin yana tuƙi yana kuka yana cewa, "To, Bo-Sista. To, Bo-Sista."

Namatama ta rayu. Sai da ta yi kwanaki a kwance kafin ta iya zama, kuma kafin ta iya tsayawa an tashi daga bita, an raba takardun shaida, an sha shayin ƙarshe.

Da ruwa ya fara janyewa Imasiku ya zo da kansa, a jirgi mai inji, don irin wannan aikin ba a rasa mai. Ya ce ya ji abin da ta yi, kuma shi a zuciyarsa ya yaba. Amma sunanta ya fita daga rajista, wanda ba shi da lasisi kuwa ba ya riƙe asibiti, ba ya taɓa majiyyaci, in ya taɓa kotu ce. Sai ta jira zagayen bita na gaba ta nemi a mayar da ita. Ya ce duk don a kare jama'a ne.

"Daga wa?" in ji Nasilele.

Imasiku ya buɗe jaka. Ya fito da sabon kwaɗo na gwamnati, babba mai ƙyalli, ya ce za a turo wata nas nan ba da jimawa ba. Sun daɗe suna cewa babu mutumin da za su turo na mako guda, amma kwaɗo a rana ɗaya suka samo shi. Ni dai ban san sunan da za a kira wannan ba in ba rashin kunya ba.

Ba a turo kowa ba. Nasilele ta koma ɗakinta da ke bayan asibitin, ta ninke farar rigar da ta goge ba ta sa ba. Ta fara cin tuwo a zaune, tuwon ya daina shiga. Da hantsi takan fito da kujera ƙarƙashin mangwaron da ke gaban baranda ta zauna tana jin firji yana gurnani a bayan ƙofa. Duk wanda ya zo ta ce ya wuce gunduma, ta faɗa da tsawa don kada ya tsaya. Mukelabai ya yi ta jigilar mutane yini guda zuwa, yini guda dawowa, kuma ba duka yake dawowa da su a zaune ba. Ya daina tsokanarta.

Wata ranar Laraba, ranar da a da ake awon yara, kwalekwale ya tsaya a bakin ruwa. Namatama ce, ta yi ƙiba kaɗan, da yaron a goye. Ta hau tudun, ta dubi kwaɗon, ta dubi Nasilele, ta durƙusa ta tafa hannu ta gaishe ta.

"Bo-Sista, jikinsa zafi tun shekaranjiya. Ya ƙi nono."

"Wuce gunduma."

"Ruwa ya janye a mashigar gunduma, kwalekwale ba ya wucewa, mota kuma ba ta fara shigowa ba."

"To me kike so in yi miki? Ba ki ga ƙofa ba? Ba ki ji an ce in na taɓa ɗan wani kotu za a kai ni ba? A kanki na rasa takardar, yanzu kuma so kike ki kai ni gidan yari?"

Maganar ta fita da zafi fiye da yadda ta so, ta kau da kai. Namatama ta kai hannu ga majanyi. Ta kwance goyon a hankali, ta matso a kan gwiwa, ta shimfiɗe yaron a cinyar Nasilele, sannan ta ja da baya ta zauna a ƙasa ta harɗe hannu.

"Ban ce ki taɓa shi ba, Bo-Sista," ta ce. "Ajiye shi kawai na yi."

Yaron yana numfashi sama-sama, zafin jikinsa yana ratsa zani. Nasilele ta dubi kwaɗon gwamnati yana ƙyalli a rana. Da ta sunkuyar da kai ta ga tafin hannunta ya riga ya kwanta a goshin yaron, babban yatsanta yana jan fatar idonsa ƙasa.

"Mukelabai," ta kira, ba ta ko ɗago ba. "Je ka ce wa mai shago ya aro min guduma."