Hannun Kakata a Saman Tabarma

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata a Jidda, amma wata la'asar a unguwarmu ta Ammariyya ko tsufa bai iya goge mini ita ba. Ranar ce aka yanke ko zan shiga makaranta ko zan ci gaba da zaman gida.

Lokacin an buɗe wa 'yan mata makarantun gwamnati, ni kuwa ba ni da wata magana sai tasu. Mahaifina ya rasu, ƙaninsa, baffana, shi ne waliyyina, kuma ya ce sam. Mu Hausawan unguwar muna da al'ada: duk abin da ya shafi kowa, maza su taru a gidan dattijonmu su ɗaga hannu, inda aka fi yawa nan kowane gida zai bi. Mata kuwa aikinsu dafa shayi a bayan wata doguwar tabarma da ake tokarewa a tsakar gida. Ana yanke mana hukunci muna wanke kofuna.

Cikin matan akwai wata maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan, wadda bakinta bai san tsoro ba. Ba ta daɗe da dawowa daga ganin gida ba, kuma ta ishe mu da labarin wai a can ta jefa ƙuri'a da hannunta. Mata suna yi mata dariya, suna cewa ita ce ta naɗa gwamnati. Kakata kaɗai ba ta dariya. Tsohuwa ce mai sayar da gyaɗa a kasuwar Bab Makka, yashin suya ya ƙone mata bayan hannu har fatar ta yi fari. Ban taɓa jin ta tsoma baki a zancen maza ba.

Ina leƙe ta wata ɓula a jikin tabarmar. Dattijo ya ce waɗanda ba su yarda ba su ɗaga hannu. Na baffa ne ya fara tashi, wasu suka bi. Da aka zo kan masu yarda, hannuwa 'yan kaɗan ne. Na fashe da kuka.

“Halas, share hawayenki,” in ji 'yar Sudan. Ta dubi sauran mata. “Mu kutare ne? Yalla, ku miƙe!”

Ta cilla hannunta saman tabarmar. Mahaifiyata ta bi. Kafin ka ce me, hannuwa sun jeru, masu lalle da masu awarwaro, har da mai riƙe da cokalin shayi. Can sai kakata ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta yi ɗage, ta ɗaga nata.

Dattijo ya yi gyaran murya ya ce, “Ya jama'a, hannun mata ba ya shiga lissafi.”

Amma baffa ya riga ya ga wannan farin tabon. Ya taso ya matso kusa da tabarmar, ya sassauta murya. “Ummi, don Allah sauke. Aibu ne, mutane na kallo.”

“Aibu?” in ji kakata, ba ta ko ɗaga murya ba. “Da na goyo ka daga gida muka ratso Sudan a ƙafa har muka ga teku, ba ka ce mini aibu ne mace ta fita ba. Yarinyar nan kwanar bayan masallaci kawai za ta je.”

Baffa ya sunkuyar da kai. Sannan ya juya ya ce wa dattijo, “A sake ƙirgawa, ya sheikh.” Da aka kira masu yarda, ya ɗaga hannu. Na lura da wasu mazan suna satar kallon saman tabarma, kowa na gane awarwaron gidansa, kuma a gidan zai kwana. Ɗaya bayan ɗaya hannuwa suka tashi. A lissafin da dattijo ya faɗa babu mace ko ɗaya, duk da haka na shiga makaranta, har na zama malama.

Yanzu ina zaune a unguwar Safa. Jikokina, masu jin Hausa su amsa da Larabci, sukan karanta mini yadda mata a ƙasashen duniya suka sha wuya kafin a ba su ƙuri'a. Ni har yau ban taɓa jefa ta ba, da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, nake zaune a garin da aka haife ni, kuma abin yana yi mini ciwo. Amma ranar nan ta koya mini cewa ba a jira sai an yarda za a ƙirga hannunka kafin ka ɗaga shi. Na kakata ba a ƙirga shi ba, kuma albarkacinsa nake rubuta wannan da nawa.