Raunin Sifikar Hagu

Shekara talatin da huɗu Injiniya ya yi yana gyaran rediyo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, kuma bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, ko don fakewa daga ruwan sama. Jarinsa kunne ne. A kawo masa rediyo, kafin a kwance murfi zai karkata kai ya ce waya ce ta saki, a buɗe a tarar haka ne. Yabo ya hau masa kai, har ya zama ko gaisuwa ya je gidan mutane sai ya gyara musu zaman talabijin.

Da mijin 'yarsa ta fari ya tashi sayen na'urar sauti ta falo, ba a ma yi shawarar wanda zai zaɓa ba. Surukin fim yake so, sifika biyar da wata ƙatuwa mai gurnani a ƙasa. Matarsa kuwa, 'yar Injiniya, waƙa take so ta ji tana guga, da sifika biyu kawai, murya tsaf a tsakiya.

"Yawancinsu fim suka iya," in ji Injiniya. "Ka sa musu waƙa ka ji kamar an rufe mawaƙin a tukunya. Ku bar mini."

Kanti bakwai ya zaga da tsohon faifan gwajinsa a aljihu kafin ya yarda da wata. Ya haɗa ta da hannunsa, ya ja kujera daidai tsakiyar sifikun gaba, ya rufe ido. Minti ɗaya bai cika ba ya buɗe.

"Ɓangaren hagu yana da rauni. An cuce ku."

Aka mayar. Mai kanti ya jona, ya saurara, ya rantse lafiyarta lau. Injiniya ya yi masa wankin babban bargo a gaban masu sayayya, har ya canza musu wata. Ita ma hagu. Surukin yana jin sifikar tana aiki sarai, amma wa zai ƙaryata uban matarsa a kan sana'arsa? Sai ya ce, "Ni ma kamar na ji haka, Baba."

Da ta uku ta zo, Injiniya ya koma ga ƙa'idarsa ta shago: ka riƙa musanya kaya ɗaya bayan ɗaya, wanda matsala ta bi shi ne mai laifi. Ya sauya wayoyi, hagu dai. Ya ɗauki sifikar dama ya kai hagu, hagu dai. Ya sa aka janye labule, aka matsar da kabad, yana ta gumi da sukundireba a baki.

'Yarsa na tsaye bakin ƙofa da kayan guga a hannu. A shagon nan ta girma, ta san ƙa'idar.

"Baba, saura abu ɗaya ba ka sauya ba. Tashi kaɗan."

Ta juya kujerar, ya zauna ya ba sifikun baya. Raunin ya koma sifikar dama. Ya juyo, raunin ya dawo ta hagu. Sau uku ya gwada, don shi mutum ne mai tabbatar da aiki. Surukin ya tuna da wani uzuri a waje.

Kunya ta rufe Injiniya, amma ba ta mai kanti ba. Shekara biyu ke nan yana fushi da matarsa, yana kai ƙararta wurin yayyenta wai ta koyi magana ciki-ciki don raini. Kujerarta a falo tana gefen hagunsa.

"Na'urar tana da kyau, ku riƙe ta," ya ce, ya mayar da faifansa aljihu.

Da la'asar ya isa gida, ya tarar da matarsa tana ɗinka maɓallin rigarsa. Ya zagaya, ya zauna kan ƙaramar kujerar baƙi, ya sa ta a damansa.

"Lafiya, Malam?"

Muryar ta fito tas, babu raini ko kaɗan a cikinta. Ya ji zuciyarsa ta karye.

"Lafiya. Wai me kike ta gaya mini ne ina share ki?"

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ciji zare.

"Cewa nake ka je a duba maka kunnen nan."