Kaskon Wuta da Kwalin Ashana

A Gehuru na tashi, a shekarun da Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba. Mahaifina albasa yake kaiwa kasuwar Jega, shi ne kuma ya fara shigo da ashana gidanmu. Kwali biyu ya sayo a kanti, ya ba kakata, mahaifiyarsa, ɗaya. Ta ƙulle shi a gefen zane, ba wanda ya isa ya taɓa.

Da an gama cin tuwon dare sai mu kewaye ta a bakin murhu, tana kaɗin auduga, mu muna gasa gyaɗa a toka. Bayanta akwai dangar kara. Bayan dangar gidan Inna Tumba ne, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Ba sa magana. An ce kan wani zane da mahaifiyarsu ta bari suka ɓata, aka toshe ƙofar da ke tsakanin gidajen da ƙaya. Mu yara haka muka tarar da abin, ba mu ɗauke shi a bakin komai ba.

Tatsuniyoyin Kaka suna da yawa, amma akwai guda da ta kama maimaitawa a wata damina har muka fara ƙorafi. Takan ce, "Ga ta nan ta zaka muku," mu ce ta zo mu ji ta. A wannan kaɗai take ajiye mazari ta ɗaga murya, kamar mu kurame ne.

A zamanin da, in ji ta, lokacin da garuruwa ke cikin ganuwa, ba a san bindiga ba, aka yi ruwa kwana bakwai ba ɗaukewa. Maza sun bi ayarin gishiri, sun tafi da ƙyastun kunna wuta. A wancan zamani wuta binne ta ake yi cikin toka da dare, a tono da safe. Wadda tata ta mutu sai ta ɗauki kasko ta je maƙwabta ta ɗebo. Ba a hana wuta, ba kuma a ɗibarta sai an yi sallama an amsa. To, wata mata 'yarta ta haihu, ana bukatar ruwan zafi na wankan jego, ga murhu ya jiƙe. Ta duba gari duka, gida ɗaya ne ke hayaƙi, gidan yayarta da suka shekara uku ba sa ga maciji.

Ta ɗauki kasko ta je ta yi sallama da ƙyar. Yayar ta amsa da ƙyar, ta zuba mata garwashi ba ta ko dube ta ba. Kafin ta kai gida ruwa ya kashe. Ta koma, ta sake sallama, ruwa ya sake kashewa. A zuwa na uku yayar ta ce, "Ke har yanzu ba ki iya riƙon wuta ba?" Ta ɗauko faifai ta rufe kaskon, suka taho tare, ɗaya na riƙe da wuta ɗaya na kare ta.

Ni tun ina yaro ina da shegen surutu. Wata rana ana tsakiyar zuwa na biyu na ce, "Kaka, mi ya hana ta ƙyasta ashana ta huta?"

Yara suka kwashe da dariya. Kaka ba ta yi ba. Ta dubi murhu ta ce, "Kai angon ga nawa, bakinka ya hi ka girma. Da tana da ashana, da ba ta tahi ba. Da ba ta tahi ba, mi zan gaya muku?" Ta ƙarasa labarin a gurguje, ta ce ƙurunƙus, kowa shi nemi tabarmatai. Ba a shekara ba Inna Tumba ta rasu. Daga nan Kaka ba ta ƙara yi mana wannan tatsuniya ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Na girma na yi aikin koyarwa a Aliero, a nan na kama rubuta littafi a kan mutanen da. Aikin ba shi da wani armashi: kana zaune da fitila da takarda, kana fama da mutanen da ba su taɓa rayuwa ba, su kuma suna ƙin yin abin da kake so. Na sa 'yan'uwa mata biyu sun ɓata a wani gari mai ganuwa, na rasa yadda zan shirya su. Na kawo malami ya yi musu wa'azi, na karanta na ji ko ni bai ratsa ni ba, na yage. Na kawo dattijan unguwa, na yage. Na cika shafuka da sulke da kwari da baka, labarin yana nan inda yake. Sai da na tuna maganar Kaka na gane kuskurena. Ina ta lissafa abin da mutanen da suke da shi, alhali abin da ba su da shi ne ke tura su ƙofar juna. Na kashe wa ɗaya wuta, babin ya rubutu a kwana biyu.

Da na je gida hutu na ba mahaifiyata wannan labari ina jin daɗin kaina. Ta tsufa sosai a lokacin. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ashe ba ka san abin da yas sa take yin tatsuniyar ga ba?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Hwarkon daminar nan wutar Tumba ta mutu. Ta zaka bakin danga da kasko, tay yi sallama, ina ji da kunnena. Kakarka ta amsa. Sai tak kwance gefen zane, taj jeho mata kwalin ashana ta saman danga. Ba ta hana ta wuta ba, ka gani. Tumba ta daɗe tsaye, sannan tad ɗauka tat tahi."

A ranar na fahimci dalilin ɗaga muryar. Ba mu take yi wa tatsuniyar ba, Inna Tumba da ke bayan danga take yi wa, mu dai muna zaune ne a gabanta. Na ji kunyar tambayar da na yi, ko da yake shekara talatin sun wuce, kuma ba sauran mai jin haushi.

A littafina matar ta koma har sau uku, domin ni ke riƙe da ruwan sama. Inna Tumba sau ɗaya ta zo. Ba ta sake bukatar zuwa ba, an riga an ba ta ashana.