Ƙanen da Bai Yi Haƙori Ba

Tsakuwa a cikin gwangwani. In ka zuba 'yan ƙanana a gwangwanin madara, ka matse bakinsa, ka rataye shi a igiya tare da 'yan'uwansa, sannan ka ja igiyar daga nesa, akwai wata ƙara da take tashi, busasshiya, kamar tarin tsoho. Kwanakin baya ina tafe a wani lungu cikin Kano, wasu yara suka wuce ni suna jan motar gwangwani, sai kawai na ga na tsaya. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji daɗi ba. Hancina ne ya cika da warin taɓo mai ɗumi, irin na gonar shinkafa da tsakar rana.

Mutane sukan tambaye ni inda na koyi waƙa. Irin wadda nake yi ba ta da kiɗa, ba a ma rera ta sosai. Tsayawa ake yi gaban jama'a a faɗe ta da ka. Nakan ce musu a makaranta na koya, don amsar ta fi gajarta. Kai da ka zauna karanta wannan, bari in ba ka doguwar.

Ina 'yar firamare Umma ta rasu, a Kura, wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Abin da na riƙe daga ranar kaɗan ne. Akwai shanshera, shinkafar da ba a casa ba, da ta jiƙa za ta turara washegari, tana nan cikin rabin duro a tsakar gida, ba wanda ya tuna da ita har ta yi tsami. Mata suna ta shigowa suna kuka suna dafa kaina, ni kuwa ina kallon duron. Daga ranar ban sake magana ba. Ba ƙi na yi ba. In na buɗe baki sai in tarar da shi wayam, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya.

Baba ya kai ni asibiti, aka leƙa maƙogwarona aka ce lafiya lau. Aka yi rubutu na sha, aka yi mini hayaƙi. Malamin ajinmu ya ce a bar ni a gida tukuna, tunda ko sunana aka kira ba na amsawa. Na fara jin manya suna cewa a gabana, kamar ba na nan, wataƙila haka yarinyar nan za ta zauna ke nan. Da bazara ta shigo, sai Kaka, wadda ta haifi Umma, ta aiko Kawu da babur ya ɗauke ni zuwa ƙauyensu a gefen Bunkure.

Kaka 'yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, bakinta jawur da goro, amma muryarta takan tsallake katanga ta shiga gidan maƙwabta. Umma ce 'yarta ta fari, kuma ka san alkunyar da mutanen da suke yi wa ɗan fari. Ban taɓa jin Kaka ta ambaci sunanta ba, tana raye ko bayan ta rasu. In ta kama dole, sai ta ce "waccan". Ranar zaman makoki kowa ya yi kuka ban da ita. Mai gaisuwa in ta ce Allah ya jiƙanta, sai Kaka ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ta ci gaba da tsintar shinkafarta a faifai. Da farko na ɗauka ba ta damu ba ne. Daga baya na ɗauka haka ake yi. Ina jin daga wurinta na koyi riƙe fuska.

A wannan shekarar Kawu ya yi shinkafar rani a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani. Lokacin da na iso ta fitar da kai, in ka matsa ƙwaya sai wani farin ruwa ya fito kamar madara. Wannan ne lokacin da jan-baki suka fi so. Ƙananan tsuntsaye ne, ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma ba sa zuwa ɗaiɗai. Daga nesa za ka ɗauka hayaƙi ne iska take murɗawa. In suka sauka a gona aka bar su, kafin ka gama sallah sun tsotse kawunan sun bar maka farin ƙaiƙayi a tsaye. Kawu yana can wajen tumatirinsa da injin ban-ruwa, don haka tsaron shinkafa ya faɗo kan Kaka. Ita kuma ta ce ba za ta bar ni a gida ina kallon bango ba.

Tun hantsi bai ɗaga ba muke fita. A tsakiyar gonar akwai 'yar rumfa ta kara a kan sanduna, daga nan igiyoyi suka bazu zuwa kowace kusurwa, gwangwanaye na reto a jikinsu. Kaka ta ba ni igiya ɗaya, ita ta riƙe sauran. Kowa a lokacin neman sa ni magana yake: ce Baba, ce ruwa, ce bismillah. Ita kaɗai ce ba ta taɓa nema ba. Tsokanata kawai take yi.

"Ƙawata bebiya, miƙo min gorona. Ke kam kin huta, ba mai kai ƙararki wajen mai gari a ce kin yi zagi."

Zagin kuwa ita take yi, kuma tsuntsayen take yi wa. Ta kira su ɓarayi, ta kira su marasa uwa a murhu, ta tambaye su ko zakkar ma ba za su bari a fitar ba. Amma in suka taho da yawa, in hayaƙin nan ya doso mu sosai, sai ta miƙe ta daina zagi. Ta ja numfashi, ta ja igiya, ta saki wasu kalmomi da ba sa canzawa:

Jan-baki ku tashi, ku tashi,
Ba gonar babanku ba ce.
Ku je Tiga ku sha ruwa,
Kafin ku dawo mun yanke.
In kun ƙi, ku ci ta gefe,
Ku bar wa ƙanena ta tsakiya,
Ƙanena bai yi haƙori ba.

Kowane layi jan igiya ɗaya ne. Ta ja, ta faɗa, gwangwanaye su amsa, ta saki, ta numfasa. Na yi ta mamakin ƙanen nan. Kaka da kanta haƙoranta sun kusa ƙarewa, ina ta samo ƙanen da nasa ba su fito ba? Amma ba ni da bakin tambaya, kuma lokacin da na samu bakin, kalmomin sun riga sun zauna mini kamar yadda karatun allo yake zama, ba ka tambayarsa dalili.

Ranar da nake son ba ka labari, zafi ya yi zafi. Ruwan da ke kwance cikin fangalin shinkafar ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta, sama ta yi fari fat. Kaka ta ɗauki buta ta gangara bakin kanal za ta yi alwalar azahar, ta damƙa mini igiyoyin gaba ɗaya. Ba ta jima da tafiya ba masu tsaron gonakin gabas suka koro nasu tsuntsayen, duk suka yo kanmu. Na tattara igiyoyin na ja da iyakar ƙarfina. Rana ta riga ta cinye babbar igiyar da ta riƙe sauran, sai ta tsinke, na faɗi zaune da guntu a hannuna. Gwangwanaye suka yi shiru.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, domin ba shiru ba ne. Akwai wata 'yar ƙara a cikinsa, siririya, kamar yayyafi a kan kwano. Ƙarar cinsu ce. Na zauna ina kallo. Gaskiya zan faɗa maka, da farko ban ji komai ba, kamar yadda ban ji komai ba ina kallon duron Umma. Sai na tuna Kawu ya ce wannan shinkafar ce gidan zai ci har amfanin damina ya iso. Na sauko na dunƙula taɓo na jefa. Na tafa hannu. Ko gezau. Kawunan shinkafar sai sunkuyawa suke yi saboda nauyin tsuntsaye.

Ban yanke shawarar yin magana ba. Hannuna ne ya ja guntun igiyar da ba ta ɗaure da komai, kuma jan igiya a wurina yana tafe da layinsa. Muryar da ta fito ba ta yi kama da tawa ba, a shaƙe take, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Jan-baki ku tashi, ku tashi. Suka tashi kaɗan, suka yi kewaye, suka sake sauka. Na sake faɗa, da ƙarfi. Na yi ta faɗa ina gudu a gefen fangali ina jan iska da hannu, har maƙogwarona ya yi zafi, har hayaƙin ya ɗaga ya nufi yamma.

Da na juyo sai na hango Kaka a bakin kanal. Ta ba ni baya. Butar tana hannunta a karkace, ruwa yana zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Ta daɗe a haka. Sannan ta durƙusa ta sake cika butar, ta wanke fuska, ta sake wankewa, fiye da yadda alwala take bukata. Ta yi sallarta. Da ta hauro, igiyar ta fara ɗaurawa, ba ta dube ni ba.

"Ashe da baki a jikinki," ta ce. "Duk tuwon nan da nake ɗurawa, na ɗauka rijiya nake cikawa."

Daga ranar ba ta sake yin waƙar ba. In tsuntsaye suka taho sai ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ni na yi ritaya. Tashi, ma'aikaciya."

Magana ta dawo mini da kaɗan-kaɗan. Da farko tsuntsaye kawai nake yi wa, sannan akuyoyin gidan, sannan Kaka. Aka yanke shinkafar, gefe ɗaya ya tafi, tsakiya ta tsira. Baba ya zo ya mayar da ni Kura, na koma aji, na yi ta karatu har jami'a.

Har yau ban iya fara waƙa a zaune ba. Sai na tashi ina zagaya ɗaki, ko in fita in bi gefen titi, hannuna na dama yana ja yana saki. Layin da ya wuce numfashi ɗaya ba nawa ba ne, nakan yanke shi. Nakan faɗa wa wayata, in saurara, in sake faɗa, sai ta zauna a bakina sannan in rubuta, kuma in na ga rubutun sai ya yi mini kamar shinkafar da aka shanya: ita ce, amma ba ta motsi. Abin da nake ƙauna shi ne lokacin da kalma ta bar baki ta tsallaka fili, wani abu a can nesa ya ɗaga. A wajen taro nakan ga mutane suna share ido. Ni dai ina tsaye ne kamar mai tsaron gona, ina duba inda ya yi nauyi in aika murya can. Murya ta dawo, amma akwai abin da bai biyo ta ba. Ina sakandare Kaka ta rasu, ban yi kuka ba. Muryar Umma kuwa na neme ta a kaina na rasa. Fuskarta tana nan, bakinta yana motsi, ba sauti.

Yanzu in ka bi ta bakin kanal ɗin da bazara, raga za ka gani an lulluɓe gonaki da yawa da ita, wasu kuma sun ɗaura ledoji masu ƙyalli suna kaɗawa. Masu tsaron da suka rage suna zaune a inuwa da waya a hannu. Shinkafar ta fi tsira, na sani. Filin ne dai ya yi tsit.

Bara na yi wata waƙa a wani taro a Kano, na buɗe ta da layukan nan na korar tsuntsaye, na ce na kakata ne. Wani ya ɗauka a waya, ta yi ta yawo har ta kai ƙauye. Da na je gaisuwar Sallah na tarar da Kawu a ƙofar gida ya kwance injin ban-ruwa yana wankewa, gemunsa ya yi fari.

"'Yar Yaya, kin kyauta," ya ce. "Kin kai ni duniya ba haƙori. Yaran unguwa sun hana ni sakat."

"Kai kuma, Kawu? Ai waƙar Kaka ce."

Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya goge hannunsa da tsumma a hankali.

"Tsohuwar nan ba ta faɗa miki ba ke nan. To, ina za ta iya. Ita zagi kawai ta iya ƙirƙira. Yaya ce ta yi waƙar nan, uwarki, a wannan gonar, tana kamar yadda kike ranar da na ɗauko ki a babur. Ina goye a bayanta take jan igiya. Ni ne ƙanen."